Muryar Inna a Cikin Zed

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a kuryar ɗakina a Gashuwa, irin mai ƙaton akwati da allo mai ƙeya, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Uwargidana ta sha cewa in kira masu gwangwan su auna ta a kilo, ko a samu wurin ajiye buhun gero. Nakan ce mata to, amma ban taɓa ɗaga ta daga inda take ba. A cikinta akwai wani fayil da na sa wa suna "Inna da Iya". Saboda shi na hana a taɓa ta, kuma a duk shekarun da na yi ina aiki babu abin da yake ci mini rai kamar labarinsa.

Inna ita ce mahaifiyata. 'Yar Badawa ce, daga wani ƙauyen masunta a bakin kogi kusa da Gashuwa. Mahaifina kuwa ɗan kasuwar hatsi ne a Nguru, iyayensa daga Kano suka zo tun zamanin da jirgin ƙasa ke tashe. A gidanmu Hausa ake yi, ba a yin wani abu. Inna ta iya Hausa sarai, amma tana yin ta ne a hankali, tana auna kowace kalma, sai ka ɗauka mace ce mai ƙarancin magana. Ni ma haka na ɗauke ta har na yi furfura. Badanci kuwa, in ban da gaisuwa da sunan kifi biyu ko uku, ban tsinci komai ba. Da mahaifina ya rasu, na ɗauko ta ta dawo wurina a Gashuwa, inda nake aiki.

Aikin na wata ƙungiya ne mai tallafa wa manoman fadama da masunta. Babban ofishinmu na shiyya yana Nguru, mu kuma reshe ne, ɗaki biyu da rumfa. Nawa aikin shi ne in bi dattawa da rikodar ofis, in ɗauki bayaninsu kan yadda ruwa yake malala a da, kafin ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, in zo in rubuta rahoto. A kan waccan kwamfutar nake rubutawa. Tun ranar da aka buɗe reshen take, ta fi wasu ma'aikatan daɗewa. Sau biyu ana kawo sababbi ƙanana na ɗauka a jaka, ina cewa a ba yara. Na san inda komai yake a cikin tawa, na san ƙararta, na san in ta yi nishi sau nawa za ta tashi. Me zan yi da wadda in ka hura mata iska sai ta faɗi?

Ana nan sai umarni ya zo daga sama cewa daga yanzu ba a ajiye aiki a cikin kwamfutar kowa. An buɗe wani shafi a intanet, kowane reshe da ma'ajiyarsa a ciki, duk takarda da hoto da murya can za a riƙa zubawa, kowa ya gani daga inda yake. Sauran ma'aikata suka shiga ba wahala. Tawa kuwa, in na buɗe shafin, sai rubutu ya hau kan rubutu, maɓallan su ɓace, ta yi ta juya ɗan zobenta har in gaji.

Mai kula da na'urorinmu wata mata ce a ofishin Nguru, muna ce mata Injiniya. Ba ta da yawan dariya, amma ta iya baƙar magana cikin ladabi. Ta zo Gashuwa ta zauna a kujerata, ta dubi kwamfutar, ta dube ni.

Ta ce, "Yallaɓai, wannan ai ta isa a kai ta aikin Hajji ta dawo ta huta."

Na ce, "Injiniya, ke dai gyara mini. In ta huta, ni ma na huta."

Ta ce akwai wata dabara, amma ta rainon tsoho ce, sai da lallashi. Ta yi 'yan danne-danne, ta kwafo wani dogon adireshi ta liƙa a wani gurbi, sai ga wani sabon abu ya fito a jerin ma'ajiyoyin kwamfutar, kusa da nata na ciki, da harafin Z a jikinsa. Ta ce in danna. Na danna, sai ga duk takardun reshenmu a jere cikin jakunkuna masu ruwan ɗorawa, kamar yadda na saba gani, babu shafi, babu zobe.

Ta ce, "Wannan Zed ɗin ba a cikin kwamfutarka yake ba. Taga ce kawai. Kayan suna can wata ƙasa, kai leƙe kake yi."

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin, a kai. Amma ido yana ganin jaka a gabansa kullum, hannu yana jefa abu a ciki yana ɗaukowa, a hankali sai zuciya ta ɗauka nata ne.

Zed yana da halinsa. Wata safiya ka zo ka tarar da jan kuros a kansa, ya ce bai san ka ba. Injiniya ta koya mini maganinsa: in buɗe tsohuwar manhajar shiga intanet da ta zo da kwamfutar, ba wata ba, in shiga shafin da sunana da kalmar sirri, in danna ɗan akwatin da ke cewa a ci gaba da tuna ni, sannan in dawo in ƙwanƙwasa wa Zed. Sai ya buɗe kamar ba shi ba. Abokan aikina suka sa wa abin suna gaisuwar sarki. In na iso da safe sai ka ji wani ya ce, "Yallaɓai, an kai gaisuwa kuwa?" In ce, "An kai, ya amsa," ko kuwa, "Yau fushi yake." Ranar da hadari ya haɗu, sabis ya yi ƙasa, ko ka kwana kana gaisuwa ba zai kula ka ba. Na zage shi ba adadi, amma ina jin daɗinsa, don ya bar ni da tsohuwar kwamfutata.

A cikin wannan hali ne aka ce a nemo bayanin mata masu bandar kifi. Na ce ga gwana a gida, me zai kai ni nesa? Na zo da rikoda na ajiye a gaban Inna a tsakar gida, bayan la'asar. Ta gyara lulluɓi kamar mai shiga kotu. Na yi tambaya, ta amsa da Hausarta ta taka-tsantsan: itace kaza ake sawa, kifi kaza ba ya son wuta da yawa, a da tarwaɗa ta fi haka girma. In ta kai aya sai ta ce, "Shi ke nan. Kashe abin nan." In kashe, in sake kunnawa, in sake tambaya. Haka na tara gutsattsari da dama, kowanne bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba.

Muna cikin haka sai aka yi sallama. Iya ce, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, ta biyo. Inna ta miƙe, abin da ta daɗe ba ta yi da sauri ba. Suka rungume juna, suka zube a tabarma ɗaya, sai Badanci ya ɓalle. Rikodar tana kunne a gefen tabarmar, na kai hannu zan kashe, sai na fasa.

Ban taɓa jin mahaifiyata haka ba. Matar da na sani da kalma ɗaya-ɗaya, ga ta tana zuba kamar an buɗe famfo, tana katse Iya, tana kwaikwayon muryar wani, tana tafa hannu. Ta yi wata dariya har da riƙe ciki, har ɗankwalinta ya zame ba ta kula ba. Can suka ja wata waƙa tare, suka manta baiti, suka yi gardama, suka sake ja. Sau da yawa suna dubana su fashe da dariya, na san da ni ake, amma ban san me ake cewa ba. Na zauna a kan turmi kamar baƙo a gidana. Daɗi ya kama ni, kunya ma ta kama ni, na shekara hamsin da wani abu ban san uwata mai ban dariya ba ce. Ba su tsaya ba sai da aka kira magariba.

Rikodar ta ofis ce, washegari wani zai fita da ita Karasuwa, kuma duk wanda ya karɓa share ta yake yi. Na juye komai a kwamfuta. Sai dai cikin tsohuwar ya riga ya cika, kullum tana kukan ba wuri, ga kuma dokar ofis. Gutsattsarin suka shige Zed ba gardama. Dogon kuwa, na Inna da Iya, ya ƙi. Sabis ɗin Gashuwa ba zai iya ɗaukarsa ba, ya yi rabi ya yanke, ya yi rabi ya yanke. Da haushi ya ishe ni, na naɗe akwatin kwamfutar a bargo, na sa a bayan motar ofis, muka bi ta Jajimaji har Nguru, ina ce wa direba ya bi ramuka a hankali kamar mun ɗauko mai jego. Injiniya ta gan ni da bargo a hannu ta ce, "Yallaɓai, ba dai rasuwa aka yi ba?" Ta jona mini a layinsu mai ƙarfi. Aka yi wuni guda fayil ɗin yana rarrafe, ya shige. Na buɗe shi daga cikin Zed na ga sunansa da nauyinsa, na share na cikin kwamfutar don ta samu numfashi. Na dawo gida ina jin na kai dukiyata inda wuta da ɓera ba za su taɓa ta ba.

Niyyata ita ce wata rana in samu wanda ya iya Badanci sosai, mu zauna, ya fassara mini daga farko har ƙarshe. Gashuwa cike take da su, har a ofishinmu akwai. Amma abin na gida ne, ina jin nauyin a ji abin da uwata ke cewa a kaina, sai na yi ta cewa sai an samu natsuwa. Inna kuma tana nan, kullum ina ganinta a tsakar gida, ban ga abin gaggawa ba.

Bayan kamar shekara biyu aka ce aikin ya ƙare, masu ba da tallafi sun juya wani wajen. Za a rufe reshe, za a rufe shafin a ƙarshen wata, kowa ya kwashe abin da yake nasa. Al'adar irin waɗannan ofisoshi kuwa, in an tashi, sababbin na'urori ake mayarwa, tsofaffin a bar wa masu riƙe da su a matsayin sallama. Tawa ba wanda ya ko tambaya. Aka ce, "Yallaɓai, kai da amaryarka sai gida."

Ranar Juma'ar ƙarshe na share tarkacen da ke cikinta don a samu wuri, na kai gaisuwa, Zed ya amsa. Na jawo jakar Inna gaba ɗaya daga Zed zuwa cikin kwamfutar, na bar ta tana aiki na tafi masallaci. Da na dawo na tarar da wani ɗan akwatin saƙo a allo, da Turanci da wasu lambobi masu tsawo, yana maganar girman fayil. Irin waɗannan akwatuna tsohuwar tana fito da su kullum, yawancinsu ba sa nufin komai. Duk da haka na kira Injiniya. Wayarta ba ta shiga, aka ce tana hanyar Machina tana karɓo kayan ofis. Na sake kira, shiru. Na rufe akwatin, na buɗe jakar da na kwafo, na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan, har da "Inna da Iya". Na kunna biyu daga cikin gajerun, na ji Inna tana bayanin itace. Ana ta fitar da kujeru, mai gidan haya yana tsaye yana jiran makulli. Na ce alhamdu lillahi, na zare waya, na naɗe ta a bargonta.

A gida ban kunna ta ba. Wuta ba ta zama, ni kuma ina ta faɗi-tashin neman abin yi. Damina ta wuce, wata ta zo. A cikinta Inna ta kwanta, ciwon bai yi tsawo ba, Allah ya karɓi abarsa.

Ana cikin zaman makoki, gida cike da mata, Iya ta zo daga ƙauye, an riƙo hannunta don idon ya ƙara lalacewa. Ni ne da bakina na ce mata, "Iya, ina da muryarku ke da Inna, ranar da kika zo ganin likita." Ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, da gaske? Tana ciki?" Na ce tana ciki. Maganar ta zaga gida. Da aka watse daga karɓar gaisuwa da yamma, ƙannena mata da 'ya'yana da maƙwabta suka taru a tsakar gida. Aka aro ƙaramin janareto, aka fito da tebur, na ɗora tsohuwar, na jona lasifika. Aka zaunar da Iya a gaba, a kan tabarmar da suka zauna a kai ran nan.

Ta yi nishinta ta tashi. Na buɗe jakar, na danna "Inna da Iya". Wani akwati ya fito ya ce ba zai iya ba. Na sake dannawa. Na ce wa jama'a a yi haƙuri, tsohuwa ce, sai da lallashi. Na kashe na kunna. Babbar 'yata ta leƙo ta kafaɗata, ta nuna wani gurbi a gefen sunan, ta ce a hankali, "Baba, duba nauyinsa." Na duba. Sifili ne. Sunan ne kawai ya fito daga Zed, babu komai a bayansa.

Hannuna ya tafi wurin Zed da kansa, yadda ya saba. Jan kuros yana kai. Na buɗe tsohuwar manhajar zan kai gaisuwa, a tsakar gidan da ko layin intanet babu, ga shafin da aka rufe tun bara. Sai da 'yata ta dafa hannuna na daina.

Iya ba ta ganin allo. Ta ji shiru ya yi yawa ta ce, "Ba ta fara ba ne?"

Na kunna ɗaya daga cikin gajerun. Muryar Inna ta fito, da Hausarta ta gaban baƙo, tana cewa kifi kaza ba ya son wuta da yawa. Mata suka fara sheshsheƙa. Can ta ce, "Shi ke nan. Kashe abin nan." Fayil ɗin ya ƙare.

Iya ta ce, "Wannan ai ba ita ba ce. Wannan matar babanku ce. Ina tawa?"

Daga baya na je Nguru na sami Injiniya, ta buɗe shagon gyaran waya da kwamfuta kusa da kasuwa. Na ba ta labari. Ta dafe kai ta ce, "Inna lillahi. Yallaɓai, ita wannan hanyar ta Zed tana da iyaka. Babban fayil yakan shiga, amma wajen fitowa in ya wuce wani girma sai ta ƙi, ta ajiye maka suna kawai. Da ka same ni, lamba ɗaya zan canza a cikin kwamfutar. Ko ka zo nan mu sauke shi ta shafin da sabuwar kwamfuta, kafin ka sha shayi an gama." Ta rubuta wa waɗanda suka riƙe shafin, ta bi duk wanda ta sani. Amsa ta zo cewa an daɗe da share ma'ajiyar reshen. Ta ce in yafe mata da ba ta faɗa mini zancen iyakar ba tun farko. Na ce babu abin yafewa, ita taga ta ce mini, ba ta taɓa ce mini rumbu ba ne. Na yi fushi da wanda ya zauna a wata ƙasa ya yanka wa fayil iyaka, na yi fushi da hanyar Machina da ba ta da sabis, na yi fushi da tsohuwar kwamfutar. Fushin bai dawo da komai ba, ya gaji ya kwanta, baƙin cikin ya zauna.

Amma kafin wannan, a washegarin ranar janareto, da Iya za ta koma ƙauye, na raka ta bakin mota. Na ce, "Iya, ran nan kuna ta dubana kuna dariya. Me Inna take cewa?"

Ta fara da Hausa, ta tsaya, ta girgiza kai. Sai ta faɗe shi da Badanci, da irin muryar Inna, har da yadda take karkata kai. Jikarta da ke riƙe da hannunta, matar aure ce babba, ta yi dariya, sannan ta rufe baki da mayafi.

Na ce, "Faɗa mini."

Ta ce, "Kawu, wai cewa ta yi tun kana yaro ba ka yar da abu. Takalmi ya tsinke, ka ɓoye a ƙarƙashin gado. Fitila ta fashe, ka ce za a gyara. Wai duk cikin 'ya'yanta shi ya sa ta zaɓi zama a wurinka, don ta san komai tsufanta ba za ka yar da ita ba."

Mota ta cika, aka ja hannun Iya aka shigar da ita. Ba ta ƙara shekara ba ita ma ta bi aminiyarta.

Na dawo gida na tarar an mayar da janareto, tsohuwar tana kan tebur a tsakar gida, rana tana dukanta. Na ɗauke ta na kai kuryar ɗaki, na nemo zanen gado na rufa mata.